Laffayar Aro

“Na zo, Babakura. Wallahi na zo.”

Bai ɗago ba. Yana tsaye a ƙofar makarantar da nake koyar da Turanci a Gomari, yana jujjuya hularsa kamar yau ya fara ganin hula, shi da sayar da ita ce sana'arsa.

“Khairat, kwana bakwai aka yi ana zaman makokin mahaifina. Mama ta ce ko inuwarki ba ta gani ba.”

Na ce ya tambayi Falmata, 'yar kawunsa. Ya ce an tambaye ta, ta ce ita ma ba ta gan ni ba.



Shekara biyu ke nan da Babakura ya shigo ajin manya da nake ɗauka bayan la'asar, wai yana son Turancin da zai yi ciniki da baƙi. Turancin bai zauna ba, shi ne dai ya zauna. Kullum yana kujerar baya, aikin gida kuwa sai ranar da ya ga dama, amma bai taɓa mantawa da rako ni bakin titi ba. A aji Malama nake, a bakin titi kuma Khairina. Na so shi, son da ban san ina da irinsa ba.

Matsalarmu ɗaya ce, mahaifiyarsa Ya Kaltum. A hoto kawai ta taɓa ganina, sanye da hijabi, ta ce ita ba ta san yadda za ta zauna da Bakanuwa 'yar boko ba. Mu mutanen Kano ne, duk da a nan unguwar Gwange aka haife ni.

Da Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa sai na ce to, ga ranar da zan nuna mata ni ma 'yar gida ce. Na ari laffaya wurin maƙwabciyarmu, ita ta naɗa mini, ta turara ni har ina tari. Ummata kuma ta ja mini kunne: yarinya mai tarbiyya ba ta tsayawa gaban uwar saurayi ta ce ni ce wance. In rufe fuska, in yi gaisuwa cikin mutane, in nemi aiki in kama.

Haka na yi, kwana uku a jere. Na wanke kwanuka, na tsince shinkafa, na yi ta jigilar buta. Rana ta uku na ga ƙafafun Ya Kaltum sun kumbura saboda zama, na ɗebo ruwan ɗumi na gasa mata su, na matsa mata har ta yi gyangyaɗi. Ban ce uffan ba, ni a dole mai kunya.

Falmata kaɗai ta gane ni. Har murmushi ta yi, ta ce laffayar ta karɓe ni. Ni kuma da wautata na ji daɗi, na ɗauka ita za ta kai labari.

Ashe su a gidansu ba haka ake yi ba. Wadda ɗansu yake nema durƙusawa take gaban uwar, a faɗi sunanta da na iyayenta, kowa ya shaida. Mai hijabi suka yi ta dubawa a bakin ƙofa, ni kuwa ina bayan gida cikin laffayar mutane ina fama da tukunya.

Duk na faɗa wa Babakura wannan. Ya ce yana so ya yarda, amma mahaifiyarsa tana takaba, ta ce kar a sake kiran sunana a gabanta. Ba zai iya ƙaryata ta ba a cikin wannan hali. Ya sa hularsa ya tafi, ko rakiyar bai yi mini ba.

Na nemi shaida na rasa. Maƙwabciyarmu fitata kawai ta gani. Umma ta ce ba za ta bar 'yarta ta je tana rantse-rantse a gidan mutane ba. Na kira shi har na gaji, wayar tana shiga ba a ɗauka.

A makon ne manhaja ta kawo ni kan darasin da ban so ba: yadda Bature yake ƙarfafa maganar abin da ya wuce idan an musa masa. Na rubuta a allo cewa ba ya tsayawa a “I came”, sai ya ce “I did come”. Wani dattijo mai sayar da taya ya ɗaga hannu ya tambaya, to idan mutum ya faɗi hakan, shi ke nan sai a yarda da shi?

Ajin ya kwashe da dariya. Na kalli kujerar baya da babu kowa a kanta, na ce masa a'a, Baba, faɗa kawai ake yi.

Na jira aka yi sadakar arba'in. Ranar Asabar da hantsi na saka hijabina, na ce wa Umma makaranta za ni, na hau Keke Napep zuwa gidansu Babakura a unguwar Dala.

Ya Kaltum tana zaune a kan tabarma ita kaɗai, da carbi a hannu. Na durƙusa na faɗi sunana da na mahaifina, abin da ya kamata in yi tun farko. Fuskarta ta ɗaure. Ban jira ta kore ni ba, na fara lissafa mata: butar da hannunta ya karye, matar da ta suma a rana ta biyu, da ƙafarta ta hagu da ta fi kumburi, wadda ta ce in bi a hankali saboda tsohon targaɗe.

Carbin ya tsaya.

“Mai laffaya ruwan toka...” ta ce a hankali. “Ke ce?”

“Ni ce, Mama.”

Ta kamo hannuwana tana jujjuya su, sai ga hawaye. Ta ce ta yi cigiyata har ta gaji, Falmata ta ce mata wata 'yar unguwa ce da ta koma ƙauye. Ta ce har cewa ta yi da Babakura, da irin wannan yarinyar ya kawo mata da ta mutu da kwanciyar rai.

Na ce a raina shi ke nan, Allah ya kawo ƙarshen wahalata.

“'Yata, me ya hana ki zuwa shekaranjiya?”

Ban gane ba sai da ta yi bayani. Jiya bayan sallar Juma'a kawunnansa suka ɗaura masa aure da Falmata, ba taro ba kiɗa saboda rasuwar. Ita da bakinta ta roƙe shi, shi kuma bai iya ce mata a'a ba.

Na so in yi ihu, na so in zagi wani, amma wa? Matar da ta raba ni da shi tana riƙe da hannuna tana kuka fiye da ni.

“Na yarda kin zo,” ta ce. “Wallahi na yarda.”

Na ce na gode, Mama. Na zare hannuna a hankali na tashi neman takalmina, don na ji muryarsa a zaure yana sallama.