Awa Takwas

Da ƙarfe shida na safe Rumbun-Ido, na'urar da ke tsaron abinci a kicin, ya yi ƙarar nan tasa, ɗil-ɗil, fitilarsa ta koma ja. Hannun ƙarfe ya zaro kwanon tuwon jiya, ya juye a bututu, injin ƙasa ya markaɗe shi. Kafin Hindatu ta idar da addu'a, tuwon ya zama taki, ya gangara gonakin da ke ƙarƙashin bene.

Haka ake a kowane gida na Birnin Rafi tun shekarar 2089. Kuma abin haushin, mijin Hindatu, Injiniya Nafi'u, yana cikin waɗanda suka ƙera na'urar. Da kyakkyawar niyya fa suka fara. Mutane sun bi sun tsorata da kwanan watan da ke jikin leda, ana zubar da madara lafiyayya don kawai rana ta cika. Sai aka yi rumbun da zai shinshina abinci ya faɗi gaskiyar lafiyarsa. Da wata cutar ciki ta ɓarke, hukumar birni ta ce a'a, a bar shinshine-shinshine, a sa lokaci kawai. Duk dafaffen abincin da ya wuce awa takwas, a niƙe. Aka sa wa tukwane da kwanoni 'yar ƙwayar lissafi, murhu ma ba ya kamawa a ƙarƙashin tukunyar da lokacinta ya cika.

Nafi'u ne ya rubuta takwas ɗin da hannunsa. Ranar ya tuna da ɗumame, wallahi ya tuna, amma ya ji kunyar ambatonsa a gaban manyan masana, kada a ce ɗan ƙauye.

Sai ga shi an kawo masa mahaifiyarsa, Inna Kulu, daga ƙauye, tsufa ya fara cinye mata tunani. Shekara saba'in matar nan ba ta karya da komai ba sai ɗumame. Safiyar farko ta dogara sanda ta shiga kicin, ta buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya. Kowace tas, kamar an lashe.

"Hindatu, ina na jiya?"

"Inna, ai nan ba a ajiyewa. Ga sabo na tuƙa miki."

Inna ta dubi surukarta. A saninta, gidan da tukunya ta kwana babu komai, yunwa ce ta shigo shi. Ta taɓa ganin irin wannan shekarar tana da goyo, kuma Nafi'u ne goyon.

Daga ranar ta fara ragewa. In an kawo mata tuwo, ta yi loma uku ta rufe kwanon.

"Kai wa Nafi'u, ya ɗumama da safe. Yaron nan bai iya yunwa ba."

Nafi'u ya durƙusa gabanta. "Inna, don Allah ki ci. Abinci ya yi mana yawa, har zubarwa ake."

"Kai dai akwai ka da ƙarfin hali," in ji ta. "Ni za ka ɓoye wa? Na ga tukwanen."

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya ɓoye kwano a ƙarƙashin gado, da lokaci ya cika murfin ya kulle kansa. Ya zuba a leda, da safe ya mayar cikin tukunyar, murhu ya ƙi kamawa. Ya samo gawayi da ƙyar, hayaƙin farko na'urar kashe gobara ta jiƙa falon sharkaf, aka aiko masa da gargaɗi. Hindatu ta tashi da asuba ta tuƙa sabo, ta yayyanka shi cikin miya kamar ɗumame. Inna ta ɗanɗana ta ture.

"Wannan bai kwana ba. Wajen maƙwabta kika roƙo? Kai, abin har ya kai haka?"

Ta fashe da kuka, Hindatu ma ta taya ta.

Nafi'u ya je ofis ya roƙi shugabarsa, Dakta Asabe, a buɗe masa na gidansa kaɗai.

"Nafi'u, kai ka tsara shi yadda ba mai iya taɓawa, har mu," ta ce. "Sai kwamiti ya zauna, kuma sai bayan wata huɗu. Ka yi haƙuri."

Wata huɗu! Likita ya riga ya ce in ta ci gaba da loma uku, ko wata ɗaya da wuya.

A mako na uku aka kwantar da Inna a asibiti, hannunta ya zama kamar kara. Nafi'u ya kawo mata tuwon dawa da miyar kuka, da zafinsa. Ta karɓi loma ɗaya don kada ransa ya ɓaci, sannan ta kamo hannunsa ta ɗora a kan murfin.

"Wannan ka ɓoye shi da kyau. Kullum ina rage maka, kullum da safe babu. Wani ne ke sace maka, ɗana?"

Shi da ya tsaya gaban hukuma yana bugun ƙirji cewa ba za a ƙara ganin ruɓaɓɓen abinci a birnin nan ba, yau sai ya sunkuyar da kai a gaban tsohuwa ɗaya.

"Ni ne, Inna," ya ce. "Ni nake zubarwa."

Ta yi murmushi, ta shafa kansa.

"Kada ka rufa wa ɓarawo asiri. Ɗan da na haifa ba zai zubar da tuwo ba."