Ƙaramar Fitilar Da Ba Ta Mutu Ba

A garin Haɗejiya akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifinta malamin gona ne. Ranar Asabar zai je Kaugama ya nuna wa manoman shinkafa hotunan yadda ake yaƙar ciyawar kacalla, wadda ke toshe musu hanyar ruwa. Hotunan suna cikin kwamfutarsa.

Ranar Juma'a da aka kawo wuta, ya cika ta da caji.

"Baba, in koyi rubutu a kai?" in ji yarinyar.

"Koya, uwata. Amma batirin ya tsufa. In kin gama, ki kashe ta yadda na nuna miki."

Tana cikin rubutu sai ƙawarta Asabe ta leƙo.

"Ke, malamar ofis, mun fara 'yar gala-gala ba ke."

Yarinyar ta dangwali maɓallin kunnawa. Allon ya yi baƙi. Ta rufe kwamfutar, ta fita da gudu, ba ta lura ƙaramar fitilar da ke gefen kwamfutar tana nan a kunne ba.

Da safe Baba ya danna maɓallin. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Ga shi an ɗauke wuta.

Ya dube ta. "Yaya kika kashe ta jiya?"

Ta sunkuyar da kai. "Maɓallin na taɓa. Na ga ta yi duhu."

"Ba mutuwa ta yi ba, barci ta yi. Tana barci tana shan caji. Yanzu mutane sun bar gonakinsu suna jirana."

Idonta ya ciko da ƙwalla. "Ka yi haƙuri, Baba. Sauri nake yi."

Umma ta ce, "Kuka ba zai kunna ta ba. Ɗauki jakar, ki bi babanki shagon Yunusa mai cajin sola."

A shagon aka sa kwamfutar a caji, suka zauna a benci har rana ta ɗaga. Yarinyar tana ta tunanin manoman.

Baba ya isa Kaugama a makare. Ya ba manoman haƙuri, suka kalli hotunan duka.

Da ya dawo, ya kunna kwamfutar, ya ajiye ta a gabanta. "Kashe min ita."

Ta rufe ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓi wurin kashewa. Ta naɗe hannu tana kallon ƙaramar fitilar gefe, har ta mutu.

Baba ya yi murmushi. "Yanzu kin gama."

Daga ranar ta gane cewa duk aikin da aka ba ka, ka tsaya ka tabbatar ya ƙare kafin ka tashi.