Mai Kashe Fitilun Wrocław

Shekara ashirin ina kunna fitilun gas na tsibirin coci a birnin Wrocław da doguwar sandata, ban taɓa ganin raini irin na magaribar nan ba. Duk wadda na kunna, kafin in waiwaya ta mutu.

A bakin gada na ritsa mai kashe su, wani tsoho mai warin toka, riƙe da sanda irin tawa.

"Kai Baba, uban wa ya aiko ka?"

"Mahaukaci!" ya daka min tsawa. "Jiragen yaƙi na tafe, kana haska musu Breslau?"

Tun kafin a haifi ubana garin ya bar wannan suna. Na kalli dusar ƙanƙarar da ya tako. Sawuna ne kaɗai.