Murja da Dambun Iya

Ku gyara zama in ba ku labarin Murja. Yarinyar kirki ce, ba ta da rashin kunya. Sai dai cikinta ne ba ya jin magana.

Da aka yi hutun makaranta, babanta Malam Dalhatu ya ɗauko ta daga Katsina za su Kusada, gaida mahaifiyarsa da ake kira Iya. Da sassafe suka sauka a Kankia don ya saya wa Iya goro.

A bakin kasuwa ya tsaya ya ce, "Murja, ji nan. Iya ta ce tun asuba za ta ɗora dambu saboda ke. Nan kuma an san ni, za a yi ta ba ki abubuwa. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki sa a leda. Kada ki ci."

"To, Baba."

Wannan "to" ɗin bai yi nisa ba.

Kasuwa ta fara cika. Ga buhunan gero, ga tsibin gyaɗa, ga awaki suna ta kuka. Ƙamshi kuwa ta ko'ina. Wata mai waina ta ɗago kai daga kan tanda.

"A'a, Dalhatu, ɗiyarka ce ta yi tsawo haka? Zo nan, 'yar birni."

Ta zuba mata waina mai zafi, ta barbaɗa yaji. Murja ta duba baya. Baba ya riga ya zauna a rumfar mai goro, ana ta gaisuwa. A ranta ta ce, ai waina in ta huce ta lalace. Ta cinye.

Mai ƙosai ma ta ba ta. Murja ta ce ƙosai ƙanana ne, ba sa cika ciki. Ta cinye.

Sai ga wata Bafulatana da ƙwaryarta fara tas. Ta dama fura da nono mai kauri, ta miƙa mata ludayi.

"Ɗanɗana, ƙawata. Na garkenmu ne."

Murja ta ce ai fura ba ta shiga leda. Ƙarya ce, tana shiga. Ta shanye, har da lashe ludayi.

Da Baba ya gama ciniki ya ce, "Ina ledar?"

Ta nuna masa. Ƙuli-ƙuli ne kawai a ciki. Ya dubi maiƙon bakinta. Suka shiga mota.

A Kusada, Iya na tsaye a ƙofar gida tana jira. Ta rungume Murja, ta ja ta gindin bishiyar bedi, ta shimfiɗa tabarma. Sannan ta kawo akushi ta buɗe. Dambun gero ne da zogale, ya sha man gyaɗa da albasa.

"Da hannuna na daka geron," in ji Iya. "Ban bari kowa ya taɓa ba. Bismillah."

Murja ta kai loma ɗaya. Ta tauna, ta tauna, loma ta ƙi wucewa. Ciki ya yi dam kamar ganga.

"Gishiri ya yi yawa?"

"A'a, Iya."

"To mi ya faru? Ko an daina cin irin namu a birni?"

Iya ta jawo faifai a hankali ta rufe akushin. Ta juya kai gefe tana gyara ɗankwali, alhali ɗankwalin lafiyarsa lau.

Nan Murja ta ji abin da ya fi ciwon ciki. Ta matsa ta kama hannun kakarta.

"Iya, ba dambunki ba ne. Ni ce na cika ciki a kasuwa. Baba ya hana ni, ban ji ba."

"Mi kika ci?"

"Waina."

"Sai mi?"

"Ƙosai. Da fura."

"Duk a wannan ɗan cikin?" Iya ta danna shi da yatsa, sai ta fashe da dariya. "Ashe matan Kankia ne suka riga ni. Kai kuma Dalhatu, kana ina?"

"Ina cinikin goronki, Iya."

"Kana dai surutu. Tashi, Murja, maganin ciwon nan yana wurina."

Ta ba ta bokiti ta shayar da awaki. Ta ba ta tsintsiya ta share tsakar gida. Sannan suka zauna ɓarar gyaɗa, Iya na sa ido kada ko ƙwara ta bi ta baki.

Wajen la'asar, cikin Murja ya yi ƙugi. Har Baba ya ji.

Iya ta mayar da dambu kan wuta, ta ƙara ɗan mai. Murja ta wanke hannu ta zauna. Ba ta ɗago ba sai da ta ga gindin akushi.

"Iya, da saura?"

"Da saura," in ji Iya, fuskarta cike da fara'a. Ta tafi ɗauko tukunya.

To kun ji, yara. In wani ya sha wahala ya dafa muku abinci, ku je masa da yunwarku. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, kafin ran babba ya ɓaci.