Barcin Baba a Shagon Tausa

Ni ba na sa ido, Allah ya sani. Tagata ce kawai magini ya yi wa saiti da benen da Mai Tausa yake sama, shagon takalma a ƙasa.

Ranar da yarinyar shagon takalma ta hau kai wa Mai Tausa silifas ɗin da ya saya, bai kalli fuskarta ba, ƙafarta ya kalla. Ta sauko tana cika tana batsewa, wai an raina mata kwalliya. Da yamma saƙo ya shigo wayarta. Kada a tambaye ni wa ya ba shi lambar.

"Takalminki yana matse miki ƙaramin yatsa. Fuskar kuma ki yi haƙuri, ƙarfina ta fi."

Ta mayar masa: "Likitan dunduniya, gobe ka gwada. Ba ta cizo."

Shi ke nan fa. Kullum ƙamshin man tausa ya sauko, ita kuma hankalinta ya hau. Har takalmin hagu biyu ta taɓa ɗaure wa wata mata. 'Yar Sanɗa yake ce mata, don ko matakala ba ta jin takunta.

Da maganar aure ta taso, babanta, tsohon tela, ya ce sam. Wai matsa tafin ƙafa ba sana'a ba ce, yau a samu gobe a rasa, ga yaron banki mai albashi yana ta sintiri. Ta yi kuka har ido ya kumbura. Ya ce to, zai je da kansa ya gani, in ƙuda ake kora a shagon, magana ta mutu.

Ya je da hantsi, ya ɓoye ko shi waye, ya miƙa ƙafar da ta tsufa a kan keken ɗinki. Ruwan ɗumi, tawul, sai babban yatsa yana bin tafin a hankali, daga dunduniya zuwa sama. Labule yana kaɗawa. Baba, wanda barci ya daɗe da yi masa yaji, sai ga minshari.

Mai Tausa kuwa yana da doka: wanda ya yi barci a kujerarsa ba a tashinsa. Kujerar kuma ɗaya ce.

Sai da rana ta karkata Baba ya farka. Kunya ta kama shi, ya tabbata ya kashe wa yaro kasuwar yini. Yana buɗe ƙofa ya ga matakala cike: direbobi, mai aski, wani ma'aikacin asibiti, kowa da takalminsa a hannu, ana magana ƙasa-ƙasa. Mai askin ya ce masa kada ya damu, duk nan babu wanda ba a taɓa jira ba.

Yaron ya durƙusa ya sa masa takalmi. "Baba, a gaida gida."

"Wa ya ce maka ni ne?"

"Yatsunku iri ɗaya ne, Baba."

Tsoho ya daɗe yana kallon layin nan. Da ya koma gida ya ce wa 'yarsa mutumin da ake jira haka ba zai kwana da yunwa ba. Ita kuwa ta rubuta: "Likitana, me ka yi wa Baba?"

"Ƙyale shi kawai na yi, 'Yar Sanɗa."

An ɗaura aure, na ci na yi guzuri. Ango dai har yanzu ƙasa yake fara kallo kafin ya ɗago. Baba kuma duk mako yana can, wai duba 'yarsa yake zuwa. Daga tagata ina jin minsharin dubiyar.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.