'Yan Mata Biyu a Tsakiyar Rafi

Yammacin wata Talata ce a lokacin saran rake. Hayaƙin gonakin da aka ƙone ya kwanta a kan kwarin da ke bayan garin Labasa, ƙaramin jirgin ƙasan da ke jan rake ya wuce da kukansa, gari ya yi tsit. Nazmun tana murza roti, gurasarsu ta alkama, a kicin, mijinta Aiyub yana alwala a bakin tanki, mahaifiyarta kuma, wadda kowa a gidan ke kira Nani, ita Nazmun kuma Ammi, tana baranda tana jan carbi. Sai wani abu ya faɗo ƙwal a kan kwanon rufi.

Aiyub ya ce jemagu ne suka yar da mangwaro. Kafin ya rufe baki na biyu ya faɗo, sai na uku, ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarsa. Dutsen rafi ne, sumul, jiƙe sharkaf, da sanyi ƙalau. Wata biyu ke nan ba a ga ɗigon ruwan sama ba, rafin kuwa yana can nesa, tafiyar mil biyu. Ba wanda ya ci roti da daɗi a ranar.

Nazmun marubuciyar labarai ce. Littattafai uku ta fitar, ba su sa ta yi suna ba, amma malaman makaranta sun san ta. Tana da wata ɗabi'a: duk shafin da ta gama, sai ta je gindin tsohuwar tsamiyar bayan gida gab da magariba ta karanta shi da ƙarfi, wai kunne yana kama ƙaryar da ido ke bari ta wuce. Nani ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ba a zama ƙarƙashin itace a wannan lokaci. Shekara ashirin Nazmun tana jin faɗan nan ta kunne ɗaya yana fita ta ɗayan.

Sai littafi na huɗu ya tsaya cak a shafi na ɗari da sha biyu. Shekara uku ke nan. Ta sauya alƙalami, ta sauya tebur, ta riƙa gaya wa mutane bincike take yi. Gidan bai taɓa ganin tsabta irin ta shekarun nan ba, don duk sa'ad da ta zauna gaban takarda sai ta tuna labule na son wanki. A ranta ta yanke cewa ita dai ta ƙare, littattafan baya ma sa'a ce kawai. Wannan tunani yana cin ta, yana ba ta kunya, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Jifan ya ci gaba, kullum da faɗuwar rana. A rana ta huɗu 'yarsu Shabnam, mai shekara sha tara, ta je ta tsaya a ƙofar baya, gashinta a kwance, idonta a kan tsamiya. Da ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ce ta fito, mai kauri, a hankali.

"Ruwa ya kai wa 'yan matan ƙugu, babbar tana riƙe da hannun ƙaramar." Ta juyo. "Sai me ya faru?"

Farantin da ke hannun Nazmun ya suɓuce. Layin ƙarshe ne na shafin da ta maƙale, wanda ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa gani. Sau ɗaya tak ta karanta shi, a gindin tsamiya.

Daga nan Shabnam ta daina cin abinci. Likita ya duba bai ga komai ba. Da rana tana kwance kamar tsumma, da magariba ta miƙe ta maimaita layin, ta yi tambayar. Cikin kwana goma awarwaronta ya fara zamewa daga hannunta. Aiyub ya hau motar haya ya ɗauko Maulbi Sadik, wani tsohon malami da ya san sha'anin aljanu, ɗan siririn mutum mai yawo da lema ko ba hadari.

Malamin ya sa aka shimfiɗa tabarma a barandar baya, ya kunna turare, ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Shabnam ta tashi zaune, ta ƙura masa ido.

"Wace ce ke?" in ji shi.

"Mai sauraro," muryar ta amsa. "Ina cikin tsamiyar nan tun ba a dasa rake a kwarin nan ba. Shekara ashirin matar nan tana zuwa ƙofata, ko sallama babu, tana karanta mini. Ban kore ta ba. Wasu labaran ma shirme ne, na haƙura. Sai ta tsayar mini da yara biyu a tsakiyar ruwa ta yi tafiyarta. Shekara uku, Malam! Kai za ka iya barci?"

"Wannan bai ba ki hannu a kan 'yar mutane ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ta fitar da nata daga ruwa, in fita daga tata."

Suka daɗe suna ja-in-ja. A ƙarshe malamin ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa in ta ji ƙarshen labarin za ta bar yarinyar, ta bar tsamiyar, har abada. Ta rantse. Ya juyo ga Nazmun. "'Yar'uwa, sauran naki ne. Jikin yarinyar nan ba zai ƙara ɗaukar wani makon ba."

Nazmun ta fara: wai sai ga wani manomi a kan doki, ya miƙo musu igiya, ya jawo su gaɓa su biyun.

Wani ƙaton dutse ya daki rufin har ƙura ta zubo, Shabnam ta sandare.

"Ƙarya!" muryar ta daka tsawa. "Ban san ƙarshen ba, amma na san muryarki. Siririya take komawa in kina ƙarya."

Nazmun ta dubi 'yarta, ta dubi mahaifiyarta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. "Aiyub, shigar da Ammi ciki."

"Ba inda za ni," in ji Nani, ba ta ko ɗago kai ba.

Sai Nazmun ta rufe ido. "Babbar tana da wani littafin rubutu a hammata," ta ce. "Labarinta na farko yana ciki, malama ta ce za a karanta wa aji. Da suka kai tsakiyar mashigin, littafin ya zame. Ta gan shi yana shirin bin ruwa." Muryarta ta karye. "Na saki hannunta na cafke shi. Ƙiftawar ido ɗaya. Da na waiwayo babu ta. Na zo gida na ce ruwa ne ya fizge ta daga hannuna. Ba ruwa ba ne. Ni na sake ta."

Daga nesa ladan ya fara kiran salla.

"To," muryar ta ce, ta yi laushi. "Ba daɗi. Amma haka ne." Ta ja dogon numfashi. "Na cika alkawari, Malam. Ku zauna lafiya."

Tsamiyar ta girgiza sau ɗaya alhali ba iska, busassun 'ya'yanta suka zubo. Shabnam ta yi atishawa, ta sulale jikin babanta, ta ce da muryarta ta ainihi, "Abba, yunwa nake ji."

Aiyub ya ɗauke ta ya yi ciki da ita yana hamdala, malamin ya ja lemarsa ya tafi alwala. Nazmun ba ta bi su ba. Tana durƙushe, tana jiran abin da uwa za ta ce wa wadda ta saki hannun autarta.

Nani ta ajiye carbi. "Ranar nan kin shigo gida rungume da littafin da hannu biyu," ta ce. "Hannu biyu, Nazmun. Kina tsammani ban gani ba?"

"Ammi…"

"Shekara arba'in ina jira ki faɗa, don in samu in gaya miki shekararki tara a lokacin. Ni ce babba. Na ga hadari a kan duwatsu, na ce ku tafi makaranta haka nan." Ta miƙo hannunta ta kama na 'yarta, ta riƙe gam. Suka yi kukan da ya kamata su yi tun tuni.

Da suka natsa, tsohuwar ta share ido da gefen mayafinta. "Wane suna kika sa wa ƙaramar a littafin?"

"Laila."

"Goge shi. Ruksana sunanta."

Washegari da hantsi Nazmun ta zauna a teburin kicin, kwanukan jiya jibge ba a wanke ba. Ta rubuta shafi na ɗari da sha uku, rubutun duk a karkace, da gogewa ko'ina. Da ta gama sai ta miƙe ta nufi ƙofar baya kamar yadda ta saba, ta tsaya, ta juyo baranda. Nani ta matsa mata a kan benci, ta ce ta ɗaga murya don kunnenta ya yi nauyi.