Get Ɗin Gidan Sufeto

Tun da Sufeto ya tuɓe kakin 'yan sanda ya faɗa siyasa, falon gidansa ya tashi daga na iyalinsa. Kujerun da Umma ke hana jikokinta hawa, yanzu ƙarti ne ke miƙe ƙafa a kansu har da takalmi. Duk inda ka juya fuskar maigidan ce a fosta, har bayan ƙofar banɗaki, yana wani murmushi da ba a taɓa ganinsa da shi ba yana aiki. A ƙasan hoton an rubuta: TSARO SAMA, HARAJI ƘASA! Wai idan ya shiga majalisar jiha zai ƙaro motocin sintiri, ya kuma soke harajin shaguna. Da me za a sayi motocin? Ba wanda ya tambaya, don bakin masu tambayar cike yake da abincin Umma.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta shigo da tire tana tsallake ƙafafu. Ta ajiye za ta fita, uban ya ɗaga hannu kamar mai tsai da mota a titi.

"Ke, zauna. Maganar yaron nan ce mai walda."

Ta zauna. Wancan watan Mai Walda ya turo neman aurenta, Sufeto ya ce shi 'yarsa ba ta auren ɗan sel. Abin takaicin, shi da kansa ya kai shi sel ɗin. Shekarun baya ya yi wani kamen burge manya a bakin kasuwa, aka kwashe duk wanda ke tsaye, har da saurayin da ke dawowa daga wurin koyon aiki da jakar kayan walda. Aka tsugunar da su gaban wuƙaƙen da ba nasu ba, aka ɗauki hoto. Da aka rasa laifin ɗora masa aka sake shi, ko sannu babu. Har yau akwai matan unguwarsu da ke rage murya idan tsohuwarsa ta wuce.

"Na ba shi ke," in ji Sufeto.

"Abba! Da gaske?"

Baffa, ƙanen Sufeto, wanda ya naɗa kansa kodinetan kamfe bayan shagonsa ya karye, ya gyara zama yana sakace.

"Da ɗan sharaɗi, 'yata, ƙarami ne. Ranar babban taro zai hau dandamali ya karɓi lasifika ya ce shi ɓarawo ne a da, Sufeto ya kama shi ya shiryar da shi, yau ga shi har ya zama surukin gida. Ki ga ƙuri'a kamar ruwa!"

"Amma ai bai taɓa sata ba, Baffa!"

"To wa ya tambaye ki? Siyasa muke yi, ba kotu ba."

Ƙartin suka tuntsire da dariya, irin wadda ake yi wa mai ba da abinci. Auta ta dubi ubanta, shi kuma yana duban fostarsa. Ta tashi da gudu, hawaye na zuba. Umma na tsaye bakin kicin, ta ji komai, ta girgiza kai ta koma wa tukunyarta.

Da yamma Auta ta sami Mai Walda a shago, ya duƙa kan wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, da ganin idonta ya kashe inji. Ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya daɗe yana juya guduma a hannu.

"'Yar magana ce fa, Auta. In faɗa in sauko, shi ke nan mun samu juna."

"Kai siriyos kake?"

"Wallahi ina sonki. Ni na gaji da ganinki a ɓoye kamar mai laifi."

"To dubi abin da kake ƙerawa!" Ta nuna ƙofofi da ƙarafan taga da ke jingine jikin bango. "Mutane kai suke kira ka shiga har ɗakin kwanansu ka auna taga. Kai ke sa musu kwaɗo. Ran da ka ce kai ɓarawo ne, wa zai ƙara ba ka ƙofarsa? Iya tsohuwarka kuma fa? Matar da ta sha rantsuwa a kanka har muryarta ta dishe, ka tashi a lasifika ka ƙaryata ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Don Allah, ka ji ni da kyau," ta ce tana kuka. "Idan ka hau dandamalin nan, ni ce zan fasa. Gara in tsufa a ɗakin Umma."

Washegari ya wanke hannu ya sa rigarsa mai kyau, ya durƙusa gaban Sufeto.

"Baba, ka yi haƙuri. Duk aikin da ka sa ni zan yi, ko dandamalin ne in ƙera maka kyauta. Amma ba zan ce na yi sata ba."

"Ka ji ɗan iska!" Baffa ya zabura. "Ana ɗaga ka kana noƙewa? Kai wane ne ma da za ka yi suna har ya ɓaci?"

Sufeto ya nuna wa Mai Walda hanya da sandarsa ta tsohon aiki, wadda har yanzu yake yawo da ita. "Na ƙara ganin ƙafarka a layin nan, za ka tuna sel. Ke kuma, Auta, kawo wayar nan taki!"

Haka aka raba su. Auta ta koma wanke kwanukan ƙarti, ta rame, ba ta yi wa ubanta rashin kunya ba, ba ta kuma janye ba. Idan kukan ya ci ƙarfinta Umma ta rungume ta, ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, wannan hayaniyar mai wucewa ce."

Shi kuwa Baffa kullum da sabuwar dabara, kowace ta fi ta jiya wauta. Wata safiya ya ce ɗan takarar tsaro bai kamata a gan shi a bayan get ba, sai a ce tsoro yake ji. Sufeto ya ce wallahi haka ne! Aka kira masu hoto, aka cire get ɗin gidan ana tafi, Sufeto ya tsaya a wagegen gurbin ya buɗe hannuwa yana cewa ƙofarsa a buɗe take ga talaka. Yaran Baffa suka ɗora get ɗin a mota, wai za a adana. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa jama'a faɗan su kulle gida, ko tambayar inda za a kai shi bai yi ba.

Ranar babban taro Baffa ya kawo tubabbensa, wani ɗan daba na gaske mai tabo a goshi. An koya masa abin faɗa, amma da ya ga taro ya ji daɗin muryarsa a lasifika, sai ya saki layi.

"Jama'a, wannan bawan Allah uba ne! Mu dai bai taɓa bari mun kwana a sel ba. Ana kama mu, ya fitar da mu ta ƙofar baya, a cike gurbinmu da 'yan kallo! Ku zaɓe shi mu ci gaba da walawa!"

Filin ya ɗauki ihu da dariya. Baffa ya yi tsalle yana fizgar wayar lasifikar, Sufeto ya tsaya da murmushin fosta a fuska, gumi na bin wuyansa.

Aka yi zaɓe, ya sha ƙasa har a akwatin layinsu. Kafin a gama faɗin sakamako a rediyo, an hango Baffa a motar wanda ya ci, ya sauya hula. Ƙartin kuma suka zo sallama irin tasu. Tun da babu get, ba su ma sha wahala ba: kujeru, fanka, janareta, har tiren shayi. Umma da Auta suka kulle kansu a ɗaki. Ɗan takarar tsaro na tsakar gida yana kaɗa sanda yana cewa, "Kun san ko ni wane ne?" Sun sani sarai, shi ya sa suka haɗa da sandar.

Gari ya waye gidan a wangale, awakin maƙwabta na cin fosta a tsakar gida. Duk masu cewa "sai ka yi" babu ko ɗaya. Can sai ga amalanke, ga Mai Walda yana turo sabon get, baƙi, mai kauri. Ya yi sallama, ya gaida Sufeto kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya jona injinsa a gidan maƙwabci ya kama aiki. Auta na leƙe ta taga, ta toshe baki da mayafi.

Da ya gama ya miƙa makullai. Sufeto ya karɓa, ya yi gyaran murya, ya nemo ragowar isarsa.

"To, yaro, ka yi ƙoƙari. Na ba ka Auta."

"Na gode, Baba. Amma ina da roƙo. Iya ta tsufa da maganar nan a zuciya. Ina so ta ji daga bakinka cewa ban yi sata ba."

"Sai a kira ta ta zo."

"A'a, maigida." Umma ce ta fito, riƙe da ƙaramar lasifikar hannu da ta tsira don ta faɗa bayan buhun gawayi. "A gaban jama'a ka tsugunar da ɗan mutane, a gaban jama'a ka so ya yi wa kansa ƙazafi. Ungo. Da ƙafarka za ka je."

Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa da ta zama kamar a hure ta ta faɗi, ya dubi get ɗin. A karon farko kunya ta kama shi.

A ƙofar gidan su Mai Walda ya tsaya, rana tsaka, matan unguwa sun firfito. Ya ɗaga lasifikar.

"Jama'a, yaron nan bai taɓa sata ba. Ni na zalunce shi. Iya, ki yafe mini."

Tsohuwar ta dafa bango ta fashe da kuka, tana duban matan ɗaya bayan ɗaya. Duk jawaban da Sufeto ya yi a kamfe, wannan ne kaɗai aka yi shiru aka saurara.

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Samari da 'yan mata, ku riƙe wannan: duk wanda ya ce sai kun zubar da mutuncinku zai ba ku abin da kuke so, ku yi haƙuri ku bar masa, ko da uba ne, ba tare da kun zage shi ba. Da Auta ta bari saurayinta ya hau dandamalin nan, da ta samu miji ta rasa wanda za ta yi alfahari da shi. Ta jure, Allah ya haɗa mata duka biyun. Sufeto kuwa har yau, kowace yamma, shi ke tashi da kansa ya kulle get ɗin da surukinsa ya ƙera masa, ya jijjiga shi ya tabbatar ya kamu.